Ban Ga Kamarsa Ba: Sharhi a Kan Shafin Have I Been Pwned

Bari in faɗi hukuncina tun kafin a yi nisa: a duk faɗin intanet ban san wani shafi da ya kai Have I Been Pwned amfani ga mutumin da ke da kwamfuta ɗaya a ɗaki da waya ɗaya a aljihu ba. Kyauta ne. Ba ya tambayar lambar katin banki, ba ya cewa sai ka sauke wata manhaja, ba ya ja maka rai da dogon fom. Akwati ne guda a tsakiyar shafi, ka rubuta adireshin imel ɗinka, ka danna, kafin ka ɗauke yatsa ya gaya maka ko bayananka na cikin kayan da masu kutse suka kwashe daga wani kamfani suka watsa wa duniya. Aikinsa ke nan. Amma irin tsaftar da yake yin aikin da ita, da irin mutumin da ke riƙe da shi, su suka sa duk wanda ya zauna kusa da ni da laftof a cinya sai ya ji labarinsa.

Mai shafin shi ne Troy Hunt, ɗan ƙasar Ostareliya, mazaunin Gold Coast, masanin tsaron manhaja da ya yi aiki da kamfanin magunguna na Pfizer har zuwa 2015. A watan Oktoba na 2013 aka bayyana cewa an fasa rumbun bayanan kamfanin Adobe, an yi awon gaba da asusu kimanin miliyan 153: adireshin imel, kalmomin sirri da aka ɓoye ta hanya mai rauni, har da 'yan kalmomin tunatarwa da mutane ke rubutawa don kada su manta sirrinsu, waɗanda aka bari a fili ƙarara. Hunt ya daɗe yana nazarin irin wannan kaya, ya kuma lura cewa mutane ɗaya ne ke ta maimaituwa a kutse daban-daban, da kalmar sirri ɗaya. Abin da ya fi ban takaici, ɓarayi sun san abin da ke hannunsu, masu bincike sun sani, kamfanin da aka fasa ya sani, mai kayan ne kaɗai bai sani ba. Ranar 4 ga Disamba, 2013 ya buɗe shafin da bayanan kutse biyar kacal: Adobe, Stratfor, Gawker, Yahoo! Voices da Sony. Yau kutsen da ke ciki ɗaruruwa ne, asusun kuma tuni suka haura biliyan 10, wato sun fi yawan mutanen da ke numfashi a doron ƙasa.

Ka ɗauka an kama gungun ɓarayi, an baje kayan da suka sata a fili, aka yi shela kowa ya zo ya duba ko akwai nasa a ciki. To haka shafin yake, sai dai shi ba layi, ba jira, ƙofarsa a buɗe dare da rana. Ka rubuta haveibeenpwned.com a burauza, ka zuba imel ɗinka a akwatin. In ba a same ka a ko'ina ba, sai kore ya fito da albishir. In an same ka, ja ne, a ƙasansa kuma a jero maka kowane kutse ɗaya bayan ɗaya: tambarin kamfanin, lokacin da aka fasa shi, yawan mutanen da abin ya shafa, sannan ainihin abin da ya fita. Wani wurin imel ne kawai da sunan da kake amfani da shi. Wani wurin har da kalmar sirri, lambar waya, ranar haihuwa, adireshin gida. Kowane bayani 'yan layuka ne, ba tsoratarwa, ba zuzutawa. Wannan natsuwar tana burge ni matuƙa. Harkar tsaron kwamfuta cike take da masu cin abinci da tsoron mutane, masu jefo maka allo mai walƙiya wai bairos ya gama da na'urarka, ka biya yanzu ko ka yi asara. Hunt kuwa abin da ya faru yake faɗa, ya tsaya nan.

Na taɓa zaunar da wani ƙanina a gaban shafin, ɗan jami'a, mai ganin ya gama sanin kan waya. Ya rubuta imel ɗinsa yana murmushi. Ja ya fito. Ya matso da fuskarsa kusa da gilashi, ya bi sunayen da yatsa, ya tsaya cak a kan wani shafin wasanni.

"Yaya, wannan ai tun ina sakandare na buɗe shi. Na ma manta da shi."

"Kalmar sirrin da ka sa masa fa?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Ita ce dai ta imel ɗina. Da ita nake shiga ko'ina."

Ban ƙara masa ko kalma ba. Da kansa ya gyara zama ya shiga canje-canje har aka kira magariba. Shekara da shekaru ana gaya wa yaron nan kada ya maimaita kalmar sirri, maganar na bi ta bayan kunnensa. Ganin sunansa a jerin ya yi a minti ɗaya abin da nasiha ta kasa. Wannan shi ne ƙarfin shafin, kuma ban san littafi ko lacca da ta kama ƙafarsa ba.

Dalilin da ya sa jan nan ke da nauyi yana cikin yadda ɓarayin ke aiki. Mutane da yawa suna zaton mai kutse wani gwani ne da ya zauna musamman dominsu, sai su ce, ni me nake da shi da za a neme ni? Ai ba kai ake nema ba, kowa ake nema. Idan jerin imel da kalmomin sirri ya fita daga wani shafi, sai a loda shi cikin manhaja, ita kuma ta yi ta gwada kowane imel da kalmarsa a sauran shafuka, ba gajiya ba barci. Duk wanda ya sa kalma ɗaya a wuri biyu, ƙofarsa ta buɗe. An fasa LinkedIn a 2012, a lokacin aka ɗauka kalmomin sirri miliyan 6.5 ne suka fita. Sai a 2016 gaskiya ta yi halinta, aka ga kayan a kasuwar bayan fage: asusu fiye da miliyan 160. Shekara huɗu cur mutane na yawo da sirrin da ya riga ya shiga hannun ɓarayi. A 2016 ɗin aka shiga asusun Twitter da Pinterest na Mark Zuckerberg, mai Facebook ɗungurungum, waɗanda suka shiga kuma suka ce a kayan LinkedIn suka tsinci kalmarsa. In shi bai tsira ba, wa zai bugi ƙirji?

Kada kuma wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A watan Afrilu na 2021 aka saki bayanan masu amfani da Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106, kyauta ga duk mai so: suna, lambar waya, gari, wani lokaci har wurin aiki da ko mutum na da aure. An kwashe su ne ta wata kafa da kamfanin ya ce ya toshe tun 2019. 'Yan Najeriya kimanin miliyan 9 ne a ciki, na Sudan ma kusan haka, ga na Kamaru da na Gana. Duk wanda aka taɓa kira aka ambaci cikakken sunansa da garinsu, aka ce daga banki ne, za a rufe masa asusu in bai karanto lambar da aka turo masa yanzu ba, ya san amfanin irin wannan kaya a hannun ɗan damfara. Da ya kira sunanka daidai, ya ci rabin yaƙin. Hunt ya ga yawancin bayanan ba su da imel, cikin 'yan kwanaki ya ƙara damar bincike da lambar waya don mutane su san halin da suke ciki. Saurin amsa kira irin wannan halinsa ne tun farko.

Sashen da ya fi sace mini zuciya shi ne na kalmomin sirri, wanda ya fara a watan Agusta na 2017 da kalmomi sama da miliyan 300, ya haura miliyan 500 a Fabrairun 2018. A nan kalmar sirrin kanta kake rubutawa, ya gaya maka sau nawa aka gan ta a kayan sata. Na san mai hankali zai ce tsaya tukuna, in ɗauki sirrina in zuba a shafin wani Baturen da ban sani ba? Tambaya ce a kan hanya, amsarta kuma tana cikin mafi daɗin abin da na taɓa karantawa a wannan fanni. Kalmarka ba ta barin kwamfutarka. Burauzarka ce ke murɗa ta da wani lissafi mai suna SHA-1, ta mayar da ita jerin haruffa da lambobi 40. Misali, 123456 idan aka murɗa ta, da 7C4A8 take farawa. Waɗannan biyar ɗin farko kaɗai ake aikawa. Sai shafin ya dawo maka da duk jerin da ya fara da 7C4A8, masu ɗimbin yawa, ita kuma kwamfutarka ta duba a gida ko naka yana ciki. Shi bai san wanne kake nema ba, bai ma san ko ka samu ko ba ka samu ba. Haruffa biyar ɗin suna raba kalmomin duniya kaf gida 1,048,576, taka kuma ta ɓuya a cikin taron gida ɗaya. Wani masani a kamfanin Cloudflare mai suna Junade Ali ne ya tsara dabarar tare da Hunt. Kai! Duk lokacin da na tuna ta sai daɗi ya rufe ni. An amsa maka tambaya ba tare da an ji tambayar ba. Wannan ita ce basira, tubarkalla.

Kuma abin bai tsaya a shafin ba. A 2017 hukumar tsara ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta ba da shawarar cewa a daina tilasta wa mutane canza kalmar sirri haka kawai don wata ya ƙare, a koma duba ko kalmar da suka zaɓa ta taɓa fita a kutse. Hunt ya ba duniya hanyar aiwatar da wannan shawara kyauta. Firefox ta gina nata tsarin gargaɗi a kansa a 2018. 1Password da Bitwarden, manhajojin ajiyar kalmomin sirri, suna leƙa shi. Idan wani shafi ya taɓa ƙin karɓar kalmar da ka zaɓa, ya ce an taɓa ganinta a kayan sata, mai yiwuwa aikin mutumin nan ne ya tare maka faɗa ba ka sani ba.

'Yan ƙwallo, ku matso kusa. A 2019 cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya ta yi nazari da bayanan Hunt, ta samu 123456 a asusu miliyan 23.2. A sunayen ƙungiyoyi, liverpool ta fito sau fiye da 280,000, chelsea fiye da 216,000, arsenal fiye da 179,000. Duk wanda ya san yadda gidajen kallon ƙwallo ke cika a Kano da Maraɗi ranar Asabar ya san wannan gargaɗin namu ne. Soyayyar ƙungiya ta zauna a riga da tuta, kada ta shiga kalmar sirri. Haka sunan ɗa, sunan mata, shekarar haihuwa da lambar waya.

Yanzu ga inda maganar ta shigo ɗakinka kai tsaye, kuma nan ne nake ganin shafin ya ƙara daraja ninki biyu. Duk abin da na ambata a sama, kamfani aka fasa, kai ba ka yi komai ba. Amma a 'yan shekarun nan wata annoba ta ɓulla da ta fi wannan muni: manhajojin da ke shiga kwamfutar gida su yashe abin da ke ciki. Sunayensu RedLine, Lumma, Raccoon, Vidar da makamantansu. Ba sa fasa komai, ba sa kulle fayil, ba sa nuna alama. Cikin 'yan daƙiƙu suke tattara duk kalmomin sirrin da ka bar wa burauza ta riƙe maka, da 'yan fayilolin da ke sa shafi ya gane ka ba sai ka sake shiga ba, da bayanan asusun kirifto in akwai, su aika wa ubangidansu. Daga nan sai kasuwa. Kamfanin Microsoft ya ce tsakanin 16 ga Maris da 16 ga Mayu na 2025 kaɗai ya gano kwamfutoci fiye da 394,000 da Lumma ta kama. 'Yan sandan Holan da takwarorinsu sun rusa cibiyar RedLine a Oktoban 2024, amma da an sare ɗaya sai wata ta tsiro.

Ta ina suke shigowa? Mu faɗa wa juna gaskiya. Ka sayi laftof na hannu, ka kai shagon gyara a sa maka manhajoji. Mai shagon ya zaro fulash ɗin da ya ratsa kwamfutoci ba adadi, ya ce bari a kashe Defender, manhajar tsaron Windows, tukuna don yana hana aiki, ya sa maka Office ko Photoshop ɗin da aka fasa, ka biya kuɗi kaɗan ka tafi kana murna. Shi kansa bai san abin da aka cusa cikin kayan da ya sauko da su ba. Ko kuma yaro a gida ya ga bidiyo a YouTube da ke alkawarin wasa kyauta, ya danna mahaɗin da ke ƙasa. Ko wani shafi ya ce ka tabbatar kai mutum ne, ya umarce ka ka danna maɓallin Windows da R, ka liƙa wani rubutu, ka danna shiga. Wannan na ƙarshen, da hannunka ka buɗe wa ɓarawo ƙofa. Babu shafin gaskiya da zai taɓa neman haka.

A Fabrairun 2025 Hunt ya loda wani tarin irin wannan kaya da aka samo daga wata tashar Telegram mai suna ALIEN TXTBASE: layuka biliyan 23, adireshin imel miliyan 284. Ya kuma yi abin da ya sa na ƙara sara masa. Idan ka tabbatar imel ɗin naka ne, shafin zai nuna maka sunayen shafukan da aka kama ana shiga da shi. Ka ga bankinka, ka ga shafin makarantarku, ka ga wurin da kake sayayya. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne, domin yana nufin matsalar ba a can wani kamfani take ba, tana kan teburinka, ko a wata kwamfutar da ka taɓa shiga asusunka da ita, ta ofis ko ta shagon buga takardu. A nan canza kalmar sirri kaɗai bai isa ba, don in ɓarawon yana ciki, sabuwar ma zai kwashe. Sai an wanke na'urar tas, in da hali a sake sa Windows daga tushe, sannan a canza kalmomin daga wata na'ura mai tsafta, a kuma fitar da duk wanda ke cikin asusun ta wurin da aka tanada don haka.

Daga nan ne mutum ke fara kallon kwamfutar gidansa da wani ido. Defender ɗin da ke zuwa da Windows kyauta ne kuma yana aiki, a bar shi a kunne, duk manhajar da ta ce sai an kashe shi kafin ta shiga, ta faɗi ko ita wace ce. Sabuntawar da ke cin data ana jin haushinta, ita ce ke toshe kafofin da aka gano. Annobar WannaCry da ta durƙusar da asibitocin Ingila a Mayun 2017 ta bi ta kafar da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Windows 7 ta daina samun sabuntawa a Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin lokaci. Wanda ba shi da kuɗin Office, LibreOffice na nan kyauta kuma halal. Yara a buɗe musu nasu asusun a kwamfutar, wanda ba shi da ikon sa manhaja. Hotunan iyali da takardun makaranta a kwafe su a wata ma'ajiya a cire ta a sa a durowa.

To me ya sa na yarda da mutumin da ke zaune a kan sirrin biliyoyin mutane? Domin an gwada shi, an ga halinsa. A 2015 aka fasa Ashley Madison, shafin masu neman lalata a bayan aure, bayanan mutane fiye da miliyan 30 suka fita. Nan take wasu suka buɗe shafukan da kowa zai iya duba sunan maƙwabcinsa, masu neman kuɗin rufe baki suka shiga aika wasiƙu. Da Hunt ya so suna da cinkoson baƙi, ranar ce ranarsa. Sai ya ƙi. Ya ware wani rukuni na kutsen da ke iya tona asirin mutum, ya ce wannan ba mai ganinsa sai wanda ya tabbatar imel ɗin nasa ne ta hanyar saƙon da za a aika masa. Mu da muka tashi muna jin darajar rufin asiri, mun san girman wannan mataki. Haka kuma bai ajiye kalmar sirri a gefen imel ɗin mai ita ba, rumbunsu daban-daban ne, don ko da wani ya fasa shi ba zai samu abin haɗawa ba.

A tsakiyar 2019 aikin ya yi masa yawa, ya sanar cewa yana neman kamfanin da zai saye shafin. Aka yi watanni ana ciniki, a Maris na 2020 ya fito ya ce babu sayarwa, shafin zai ci gaba da zama mai cin gashin kansa. Wallahi ranar na yi farin ciki kamar nawa ne. A 2021 ya buɗe lambobin sashen kalmomin sirri ga kowa ya duba ya gani da idonsa. Har yau mutane ƙalilan ne ke tafiyar da shi, ciki har da matarsa. Amma ka dubi waɗanda ke zuwa ƙofarsa. Majalisar dokokin Amurka ta gayyace shi ya yi bayani a Nuwamban 2017. Gwamnatocin Birtaniya da Ostareliya sun fara amfani da shi wajen sa ido a kan imel ɗin ma'aikatansu a 2018, wasu ƙasashe da dama suka biyo baya. Da aka rusa cibiyar muguwar manhajar Emotet a 2021, hukumar FBI ta miƙa masa adireshin imel miliyan 4.3 don a sanar da masu su. A ƙarshen shekarar hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya ta ba shi kalmomin sirri miliyan 585, miliyan 225 daga ciki sababbi ne fil a rumbunsa. Manyan hukumomin duniya sun rasa hanyar isa ga talakan da aka sace wa kaya, sai ta hannun mutum ɗaya a bakin tekun Ostareliya.

Abin da ya ƙarasa kama ni shi ne na watan Maris na 2025. Hunt yana Landan, ga gajiyar tafiya, sai saƙo ya shigo masa kamar daga Mailchimp, kamfanin da yake aika wa masu bibiyarsa wasiƙu ta hannunsa, wai an taƙaita masa asusu saboda ƙorafi. Ya danna, ya rubuta kalmar sirrinsa, ya rubuta lambar tabbatarwa ta wucin gadi. Shafin na bogi ne. Kafin ya farga an kwashe adireshin mutane kimanin 16,000. Wani ne da ya binne maganar. Shi kuwa a ranar ya rubuta komai dalla-dalla, ya nuna hoton saƙon, ya ba mutane haƙuri, ya kuma ɗauki kutsen nasa ya loda a shafinsa, a jere da na Adobe da LinkedIn. Ina ka taɓa ganin irin wannan? Kamfanoni masu biliyoyi suna ɓoye kutse shekaru, shi ko kwana bai bari ya yi ba.

Ya kuma fitar da darasi mai tsada daga ciki. Manhajar ajiyar kalmomin sirrinsa ba ta cika masa akwatin da kanta ba a shafin bogin, domin adireshin bai yi daidai da wanda ta sani ba. Ita ta gane, ido ne bai gane ba. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa kowane gida ya kamata ya mallaki irin wannan manhaja: ka riƙe doguwar kalma ɗaya a ka, ita ta ƙirƙiro wa kowane shafi tasa daban, ranar da ta ƙi cikawa kuma ka dakata ka duba adireshi. Ya kuma nuna cewa lambar wucin gadi, duk da ta fi babu nesa ba kusa ba, ana iya yaudarar mutum ya miƙa ta. Shi ya sa yake ta kira a koma sabon tsarin makullin da ke zaune cikin wayarka, wanda kake buɗewa da yatsa ko fuska, wanda Google da Apple da Microsoft duk suka karɓa. Shi wannan ba ya aiki a shafin bogi ko da kai ka so.

In akwai abin da nake fata, bai wuce biyu ba. Shafin da Turanci yake, ina ma a ce wata rana a karanta shi da Hausa. Sannan da aka sake masa fasali a Mayun 2025 an cire binciken lambar waya, alhali mu a nan rayuwarmu a kan lamba take, daga WhatsApp har banki. Don haka wanda bai sa wa WhatsApp ɗinsa lambar sirri mai lamba shida ta tabbatarwa mataki biyu ba, ya je ya sa. A kuma sani kore ba takardar shaidar tsira ba ce, yana nufin ba a gan ka a kayan da suka iso hannun Hunt ba ne kawai, shi ma bai taɓa cewa fiye da haka ba. Waɗannan ba su rage masa komai a idona ba. In maki goma ake bayarwa, goma na ba shi.

Mai karatu, kafin ka kwanta yau ka buɗe shafin. Ka fara da imel ɗin da aka buɗe maka wayarka da shi, wanda wataƙila ba ka taɓa leƙa akwatinsa ba, domin shi ke riƙe da hotunanka da lambobin mutanenka. In ja ya fito, kalmar sirrin imel ɗin za ka fara canzawa kafin komai. Sannan ka nemi inda aka rubuta Notify Me, ka sa adireshinka, ka amsa saƙon tabbatarwa, daga ranar duk kutsen da sunanka ya fito a ciki za a aiko maka da labari, ba ko sisi. Gobe kuma ka karɓi wayar Baba da ta Inna ka duba musu nasu.